Igiyar Direba

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ko a gida ba ni da yawan magana. Zan riƙa cewa "Huda" kamar wata ce daban, don ya fi mini sauƙi. Amma ni ce.

Huda ta fara ganin Huzaifa ne a bakin hanyar Doso da sassafe. Yana tsaye a bayan wata tsohuwar mota ta ɗaukar kaya, igiya a bakinsa, yana karɓar jakunkuna.

Mahaifinta, Alhaji Ƙasimu mai atamfa a Babbar Kasuwa, ya yi alwashi lokacin da ciwon suga ya kwantar da shi: in Allah ya tashe shi, zai taka da ƙafa daga Yamai har Kiyota, ziyarar Mauludi. Allah ya tashe shi. Mutanen zawiyarsu, maza da mata, suka ce da su za a je. Huda ta bi shi, don ita ke dama masa fura marar sukari, ita ke riƙe maganin allurarsa.

Mutane a ƙasa, kaya a mota. Huzaifa direba ya wuce gaba ya jira su a zango. Kowane gida da igiyarsa: jakar miji, ta mata, ta 'ya'ya, duk a ɗaure tare. In an sauka sai a kira, "Igiyar gidan wane!" mai gida ya zo ya karɓa. Jakar Huda shuɗiya tana igiyar babanta.

A zango na farko ta taɓa jakar ta ji ta da zafi. Ta daɗe tana zagaya motar kafin ta iya buɗe baki.

"Malam direba, akwai maganin Baba a ciki. Likita ya ce ba ya son rana."

"To, fasinjar da ba ta hawa mota," ya ce yana murmushi, "jakarki ta samu kujerar gaba."

Ya kwance ta daga igiyar Alhaji, ya naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, ya ajiye ta kusa da shi. Don kar ta faɗo a gargada, ya ɗaure ta da tasa jakar. Ya karɓi lambar wayar Huda saboda in lokacin allura ya yi motar ba ta kusa.

Kullum shi ke kawo mata jakar da hannunsa, a sanyaye. Sai saƙo ya fara shigowa. Huda tana karantawa a hankali, da yatsa.

"Fasinjata, akwai rijiya bayan babban gawo. Ki jiƙa ƙafarki."

"Na gode," ta rubuta.

"Na ga raƙuman dawa kafin Kure. Na ce su jira ki, sun ƙi."

"Ni ma da na ƙi."

"Jakarki ta fi ki hira. In mun koma Yamai zan turo manyana. Kin yarda?"

Ta yini da wayar a ƙugu. Da la'asar ta rubuta, "Ka tambayi Baba."

A ranar aka sauka Birnin Gaure. A ranar kuma Habibu ya iso da mota mai sanyi, shi da mahaifinsa, don su gaida Alhaji. Habibu ma'aikaci ne a wani buro, wato ofis, a unguwar Plateau, ya daɗe yana zuwa zance gidansu, Alhaji kuma na sonsa. Huzaifa ya tafi cika bidon, wato jarkar ruwa. Mutane sun gaji, sai Malam Bawa, jagoran tafiya, ya hau sauke kaya da kansa.

"Igiyar gidan Ƙasimu! Jaka ɗaya."

Ya leƙa gaban mota, ya ɗago wasu sama.

"Igiyar direba! Jaka biyu. A'a, direba yaushe aka yi aure ba a gaya mana ba?"

Kowa ya san shuɗiyar jakar. Aka kwashe da dariya, wata mata ta rangaɗa guɗa. Mahaifin Habibu ya tashi ya kaɗe rigarsa.

"Baba, saboda magani ne," in ji Huda.

"Wa ya ba shi izinin kwance ki daga igiyata?" in ji Alhaji.

Huzaifa ya dawo, ya durƙusa da bidon a hannu. "Alhaji, kuskurena ne. Ban yi tunani ba. Amma niyyata ta alheri ce, ina son..."

"Sauke mini kayana."

Daga nan har Kiyota Alhaji bai ƙara sa komai a motar ba. Ya ɗora jakarsa a ka, dattijo mai ciwon suga, cikin rana. Huda na bayansa da tata. Huzaifa ya daina wucewa gaba, yana bin su a hankali kamar mai rakiyar gawa. Ƙafar Alhaji ta fashe. Ya cika alwashinsa, amma ya dawo Yamai yana ɗingishi, har yau bai daina ba.

Habibu bai sake zuwa ba. Ya aiko saƙo ɗaya: "Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Huzaifa ya turo manyansa, aka mayar da su. Ya sake turowa. Gwaggo Delu, yayar Alhaji, ta je ta same shi a shago.

"Ƙasimu, yaron nan maganinka ya tsare. Ba don shi ba da a hanya muka binne ka."

"Da ya bar ni na mutu da mutuncina, Yaya. Ai ya riga ya ɗaure ta a gaban jama'a. Ya zo ya ɗauka."

Haka aka ba da ita. An ɗaura aure wata Asabar, Baffa Isaka, ƙanin Alhaji, ne waliyyi. Alhaji ya buɗe shago kamar kullum. Kayan ɗaki ma ba a samu masu rakiya ba, ango ne ya loda su da kansa. Gwaggo Delu ce ta dafa kanta ta ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya." Kowa ya ce amin. Huda ta yi ta kallon ƙofa.

A sabon ɗakinsu Huzaifa ya miƙo mata wata tsohuwar igiya.

"Ta gidanku ce, fasinjata. Alhaji ya jefar da ita a Birnin Gaure, na tsince. Ni na raba ki da ita. Ki yafe mini."

"Ina son ka," ta ce. Shi ne karo na farko da ta faɗa da baki. Sai ta fashe da kuka, ya zauna kusa da ita bai hana ta ba.

Washegari na tashi na dama fura marar sukari. Na san amarya ba ta fita, amma na fita. Na rufe kwanon na ɗaure shi da igiyar nan tam. Huzaifa ya ɗauko makullin mota, na ce masa, "Wannan kayan ni zan ɗauka." Na ɗora a ka, na taka har Koira Kano, unguwar su Baba.

Na yi sallama a ƙofar Baba. Na ji tarinsa a ciki. Bai amsa ba.

Na ajiye kwanon a bakin ƙofa. Ban kwance igiyar ba. In zai sha, sai ya taɓa ta da hannunsa.