Lungun Da Ya Ɓace A Taswira

Ga ta nan tafe gare ku, 'ya'yana.

Ta iso, muna saurare.

To ku gyara zama, wannan ba ta dariya ba ce.

Ranar da kogi ya yi ambaliya, hukumar agaji ta fitar da motoci tun da hantsi, kowane direba da taswirar yankinsa a hannu. Aka kwashe mutane kaf, ban da wani lungu mai gidaje tara a bayan tsohuwar masaƙa. Masu ƙafa suka gudu da 'ya'yansu, kowa yana cewa ai mota na tafe, za ta ɗauki tsohuwar nan mai ɗinki da ba ta iya tafiya. Mota ba ta zo ba. Washegari aka sami gawarta a ɗaki, kusa da keken ɗinkinta.

Aka tsare direban yankin a kan sakaci, aka miƙa binciken ga wani Sufeto mai sanyin magana.

"Me ya sa ka tsallake lungun?"

"Ranka ya daɗe, wane lungu? Ni baƙo ne a unguwar. Duba da idonka."

Direba ya zaro taswira daga aljihu, duk ta jiƙe. Sufeto ya shimfiɗa ta a tebur. Ga masaƙa, ga kogi, tsakaninsu fili fetal, ko ɗigon tawada babu.

Sai Sufeto ya nufi ofishin da ya buga ta. Shugabar ofishin ta tare shi da fara'a.

"Sufeto, aikinmu na zamani ne. Muna da manhaja da ke janyo bayanan tituna da gidaje daga intanet, ta yanka gari yanki-yanki, ta buga. Danna maɓalli ɗaya, taswira ɗari biyu da arba'in."

"Wa ke dubawa?"

"Ni. Ɗaya bayan ɗaya."

Sufeto ya buɗe rajistar ofis. "An fara bugawa ƙarfe goma. Kin sa hannu goma da rabi. Lallai idonki ya fi injin sauri."

Fara'ar ta gudu. "Ta sama kawai na duba."

A kusurwar ɗakin akwai wani dattijo, Baba Mai-zane, wanda ya yi shekara talatin yana zana taswira da hannu kafin zuwan manhaja. Yanzu aikinsa naɗe takarda da ɗaure ta da roba. Ya jawo durowa, ya fito da taswirar bara. Ga lungu nan, gidaje tara reras.

"Baba, yaya gidaje ke ɓacewa?"

"Ɗana, taswirar intanet ɗin nan allo ce a bakin hanya. Duk mai rajista yana iya ƙarawa, yana iya gogewa. Ita kuwa manhaja abin da ta tarar shi take kwasowa, ba ta tambaya. Amma allon yana riƙe ranar da aka taɓa shi."

Suka duba. Wata uku da suka wuce aka goge lungun, da rajistar intanet ta wannan ofis. Baba ya nuna kwanan watan da yatsa.

"Jajibirin buga taswirar kwamitin rusau ke nan, masu neman gidajen da suka matsi kogi."

Mutum biyu ne ke da lambar sirrin rajistar: Shugaba, da saurayin da ya haɗa manhajar, wanda kowa ke kira Injiniya. Kwana biyu bai zo aiki ba, wai zazzaɓi. Sufeto ya kira shi a waya.

"Ka san lungun bayan masaƙa?"

"Ban taɓa taka shi ba, ranka ya daɗe."

Daga nan Sufeto ya wuce lungun. Ɗakin tsohuwa yana warin laka, zare da yadi sun cakuɗe a ƙasa. Can sama, inda ruwa bai kai ba, an rataye hoton wani saurayi da rigar kammala jami'a.

"Wane ne wannan?" ya tambayi maƙwabciya.

"Ɗan ƙanenta ne, maraya. Da keken nan ta raine shi. Kullum cikin yi mana gori take, wai ɗanta ne ke zana garin nan gaba ɗaya."

Sufeto ya ɗauki hoton ya tafi gidan Injiniya. Ya same shi zaune a ƙasa, idanu sun kumbura. Ya ajiye hoton a gabansa.

Ai sai Injiniya ya fashe da kuka.

"Gwaggona ce. Ta ce in aka rushe ɗakinta ba ta da inda za ta kai kekenta. Na ce, Gwaggo kwantar da hankalinki. Na goge lungun, kwamiti bai gan shi ba. Na ce in ƙura ta lafa zan mayar."

"Ka mayar?"

"Na manta. Wallahi na manta! Ran da aka ce a buga ta agaji, na danna maɓalli na tafi cin abinci. Da a ce da hannu nake yi, da na ga gurbin gidanmu."

"Direban fa? Kwana biyu yana tsare, matarsa na zaune a ƙofar caji ofis da goyo."

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Tsoro na ji."

Sufeto ya taɓa ankwa a ƙugunsa, sai ya fasa. "Tashi mu je. Sa takalminka."

Haka ya tasa shi a gaba har mota.

To, direba dai an sake shi a ranar, amma bai ƙara karɓar aikin agaji ba. Shugabar ofis an sauke ta. Baba Mai-zane aka ba shi kujera kusa da injin, kowace taswira sai ta bi ta ƙarƙashin tabaransa kafin ta fita. Injiniya ya amsa laifinsa gaban alƙali, ya yi shekara biyu a gidan yari, da ya fito bai koma aikin kwamfuta ba. Lungun kuwa an mayar da shi a taswira, kwamiti ya gan shi, bayan wata shida aka rushe gidajen tara duka.

Iyakar abin da ya faru ke nan, 'ya'yana.