Ciyawar da Likita Ya Ɗaure da Bandeji

"Ki zo ki kwashe ciyayinki kafin mu shimfiɗa."

Saƙon ke nan da ya shigo wayata, da hoto a ƙarƙashinsa. Ƙofar gidana ce. An jibge bulullukan intalok, irin waɗanda ake shimfiɗawa a farfajiya, tuli guda har sun tare rabin get. A gefe ga mai saƙon tsaye da baƙin gilashi, tana murmushi kamar gidan ubanta.

Na san ta sarai. Ƙawar yayar mijina ce, wadda muke kira Anti, kuma intalok take sayarwa. Tun ranar da ta fara zuwa gidana na lura ba farfajiyar kaɗai take aunawa da ido ba, har da mai gidan.

Na miƙa wa Yaya, babban wana, wayar.

"Kin gani ko?" ya ce. "Ke kina nan kina rama, shi yana can yana gyaran gida. Wallahi ba za ki koma ba! Takardarki zan karɓo miki."

"Yaya, fulawoyina..."

"Aurenki ake magana, kina maganar fulawa?"

Abin da Yaya bai gane ba, a wurina maganar ɗaya ce.

Lokacin da muka tare, gaban gidan nan jar ƙasa ce da ɓaraguzan siminti. Ni na tsince su da hannuna. Na ja igiya na raba wurin layi uku: dogaye a jikin katanga, matsakaita a tsakiya, gajeru a bakin hanyar shiga, don kada wani ya tare wa wani rana. Jajaye na sa a bakin get saboda masu wucewa. Farare kuma na jera su dab da ƙofar falo, don mijina likitan haƙori ne, sai magariba ta kawo jiki yake dawowa, kuma a wannan lokacin fari ne kaɗai ido ke gani. Saboda shi na yi. Bai taɓa cewa uffan ba, sai dai ya goge takalminsa ya wuce.

A farkon bazarar nan komai ya fara buɗewa. Layin tsakiya ne kawai ya rage, shi ma na tuge tsofaffin na zuba taki na shuka sabon iri. Ana haka Anti ta zo da motarta, ta hau kan layin gaba da taya biyu, ta murƙushe min aikin wata da watanni. Ta fito tana cewa ai tuntuni ta ce a shimfiɗe wurin nan a huta, mutum ba shi da inda zai ajiye mota sai daji.

Na kalli Likita ina jira.

"Haba Zuma," ya ce, "ai fulawa ce kawai."

Ban yi masa hayaniya ba. Na haɗa jakata na taho gida. Ya kira, ya turo saƙo, ya zo har ƙofa, Yaya ya ce ba na nan alhali ina leƙensa ta taga. Ina son mutumin nan, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma na gaji da zama da wanda ba ya ganin abin da na sa a gabansa.

"Ka kai ni," na ce wa Yaya. "Fulawar wardina zan tono. Ni na raine ta tun tana reshe a gwangwani, ba za a binne min ita da siminti ba."

Ya zuba buhu da fartanya a bayan mota, muka kama hanya da hantsi.

Muna shiga layin gidan na hango babbar mota da leburori suna ɗaukar bulo a ka. Sai da muka matso na ga ba saukewa suke ba, lodawa suke. Mai intalok tana tsaye tana fifita da mayafi, gilashin ya koma saman goshi.

"Au, kin zo?" ta ce. "To ki shiga ki lallashi mijinki. Anti ta ba ni aiki, na kawo kaya, ya ce ko bulo ɗaya ya tsallake get ɗin nan sai ya kira hukuma. A kan ciyawa!"

"Hoton fa da kika turo min?"

Ta sauke gilashin kan idonta.

"Talla ce."

Na wuce ta ban ƙara kallonta ba. Yaya ya ce yana mota, kada in daɗe.

Na tura get, sai na tsaya.

An gyara layin gaba. Ba daidai ba, don ya cakuɗa ja da ruwan ɗorawa yadda ni ba zan taɓa yi ba, amma an gyara. Fulawar wardina tana nan da ranta, ƙasarta a jiƙe. Fararen bakin ƙofa sun cika sun batse. Likita kuma yana tsugune a layin tsakiya, da singileti da wandon asibiti, yana daidaita wata lema.

Layin tsakiyar nan an share shi tas, ko ɗigon kore babu, sai shuka ɗaya tal. Ta kai ƙuguna tsawo, ganyenta fala-fala, jikinta duk ƙaya. An kafa mata sanda, an ɗaure ta da farin bandeji, ɗauri mai kyau irin na masu aikin asibiti. An zagaye gindinta da taki. Lemar ma tata ce.

Ya ɗago ya gan ni, ya miƙe har yana ture butar ban ruwa.

"Zuma..."

"Mene ne wannan?"

Fuskarsa ta washe kamar yaron da ya ci jarrabawa.

"Irin da kika shuka ne! Kin ga yadda ta girma? Da suka tsiro, ciyayi ƙanana siri-siri suka cika wurin, sun fi a ƙirga. Na zauna na cire su ɗaya bayan ɗaya, har da saiwa. Wannan ce kaɗai lafiyayya, sai na bar ta. Kullum da safe nake ba ta ruwa kafin rana ta yi zafi, a gindi, ba a ganye ba, yadda na riƙa ganin kina yi."

Na zauna a kan dakalin ƙofa.

"Likita."

"Na'am, rabin raina."

"Ƙananan nan siri-siri da ka cire..."

"Eh?"

"Su ne fulawoyin."

Ya kalle ni. Ya kalli shukar.

"Wannan fa?"

"Ciyawa ce. Irin wadda ke fitowa a bakin bola. A cikin taki ta zo."

Mutumin da sana'arsa ke nan ya duba baki ya ware ruɓaɓɓe da lafiyayye, ga shi ya tuge min layi guda ya bar ɓarauniya da lema. Dariya ta ƙwace min, na yi har cikina ya ƙulle, ban san lokacin da ta koma kuka ba.

Ya durƙusa a gabana, hannunsa duk ƙasa, yana tsoron taɓa ni.

"Na sake ɓata miki, ko? Innalillahi... Ni na ɗauka in ta yi fure zan ɗauki hoto in turo miki, ko za ki dawo. Kullum sai na duba ta ko ta fara."

"Ka ce ka riƙa ganin ina ba su ruwa?"

"Ta tagar ɗaki. Ina gani, ban dai iya faɗa ba ne." Ya sunkuyar da kai. "Ranar da kika tafi na dawo da magariba, gidan duhu, ba abin da nake gani sai fararen nan na bakin ƙofa. Sai a lokacin na gane don wa aka sa su a nan. Zuma, na yi wauta da na ce fulawa ce kawai. Anti ma na faɗa mata, in za ta zo tana da maraba, amma motarta a waje."

Na share idona da gefen mayafi.

Ya miƙe da zafin nama ya kama ciyawar.

"Bari in tuge ta yanzun nan!"

"Kar ka taɓa!"

Ya tsaya cak.

"Ai kin ce..."

"Na san abin da na ce. Sake ta, ƙaya za ta soke ka."

Yaya ya gaji da jira ya turo get, buhu a kafaɗa, fartanya a hannu. Ya yi wa Likita kallon sama da ƙasa, ya amsa gaisuwarsa da ƙyar.

"To, wacce za a tono?"

"Babu, Yaya."

"Babu kamar yaya?" Idonsa ya sauka kan layin tsakiya. "Wannan ciyawar bolar kuma fa, wa ya karya mata ƙafa aka ɗaure ta?"

"Tamu ce," na ce. "Don Allah in za ka dawo, ka taho min da jakata."

Ya daɗe yana kallona. Ya kalli lemar, ya kalli gwiwoyin Likita da suka yi baƙi da ƙasa. Ya girgiza kai ya jingina fartanyar a katanga.

"Ku riƙe wannan, da alama kun fi ni buƙata. Kai kuma, in na sake ganin ƙanwata da jaka a ƙofata, ni da kai ne."

"In sha Allahu ba za ka gani ba, Yaya."

Washegari muka sake shuka layin tsakiya tare. Na nuna masa yadda ake yafa iri, da yadda ake datse furen da ya bushe don wani ya fito, na kuma kafa masa doka: ba ya cire komai sai ya kira ni. Ciyawar tana nan a tsakiyarsu da sandarta. Ina datse mata kai da almakashi kafin ta zubar da 'ya'ya, shi kuma yana canja mata bandeji in ya yi datti.

Jiya wata maƙwabciya ta leƙo ta kan get tana tambaya wace irin fulawa ce wannan mai tsada haka, har da lema.

Na ce ta jira Likita ya dawo, shi ya raine ta.