Inda Ruwan Ya Ci Birki

Ranar Laraba bayan la'asar Rufaida ta sauka daga adaidaita sahu a ƙofar wata tsohuwar masaƙa, can ƙarshen Challawa. Jakar kyamara a kafaɗa, takalmin roba a leda. Warin fatu daga kamfanonin jima ya tare ta tun daga bakin titi.

Malamar fiziks ce a wata sakandare a Na'ibawa, tana kuma haɗa kundin digirinta na biyu. Bincikenta a kan iskar rana ne, wato ƙananan ƙwayoyin da rana ke fesowa kullum, masu gudun ɗaruruwan kilomita a sakan guda. Can nesa, bayan sun wuce duniyoyi duka, abin da ke tsakanin taurari yakan danno su daga waje. Sai su ci birki farat ɗaya, su cunkushe, su ɗauki zafi. Wannan iyakar take nazari. Ana iya ganin kwatancinta a ƙasa: in ruwa ya zubo a kan daɓe yakan bazu siriri da gudu, har ya kai wata da'ira inda zai tsaya ya kumbura. Babbar da'ira take so ta ɗauka a bidiyo, don ranar Litinin za ta tsaya gaban malamanta.

Mai gadin wurin kawunta ne, Malam Ya'u, ƙanin mahaifiyarta. Shekara ashirin ya yi a sashen rini kafin masaƙar ta durƙushe. Ya buɗe mata ɗakin wankin yadi, ƙaton ɗaki mai daɓen siminti sumul, tiyo na reto daga rufi. Ya tayar da injin ruwa. Sannan ya ce ta yi ta gama kafin magariba, don shi ba ya shiga nan in rana ta yi ja. Ta tambaye shi dalili. Ya ce ba ya shiga ne kawai, ya ɗauki butarsa ya fita.

Ruwa ya zubo, da'irar ta fito tsaf, taku shida daga tsakiya ta kowane ɓangare. Rufaida ta kafa kyamara, ta shiga ciki da tef ɗin awo, ruwan na wuce takalminta a guje. Ta auna, ta rubuta. Hasken bai yi mata ba, ta sake ɗauka. Ta sake. Ba ta lura tagogin sama sun yi ja ba sai da ta ji kiran salla daga wani ƙauye can nesa.

Ta sunkuya ta yi awon ƙarshe. Taku biyar.

Ta ɗaga kai ta dubi tiyo. Ruwan na zuba yadda yake, bai ragu ba. Ta san lissafin sarai. Iyakar ba ta matsowa ciki sai da ɗayan biyu: ko ƙarfin ciki ya ragu, ko wani abu ya ƙara dannowa daga waje.

A ɗakin kuwa babu komai sai ita.

Ta ɓangaren gabas da'irar ta lotsa. Wuri biyu, dab da juna, kamar ƙaurin mutum a tsaye cikin rafi. Ruwan na rabewa yana kewaye su. Sai wasu biyu suka fito a gefensu. Sai wasu a bayanta. Ta juya a hankali tana ƙirgawa, ta kai ƙafafun mutum goma sha ɗaya ta daina.

Bakin da'irar ya fara tururi. Warin soda da tafasasshen rini ya cika mata hanci. Ƙarƙashin ƙarar ruwan ta ji numfashi, mai nauyi, na mutane da yawa, duk a tare.

Taku huɗu.

Ta fara Ayatul Kursiyyu.

"Matsa," wata murya ta raɗa mata, dab da kunne. "Wurin aikinmu ne."

Injin ya yi tari a waje. Ruwan ya tsinke, ya dawo. A ɗan tsakanin nan suka matso. Taku biyu. Zafi ya bugi fuskarta kamar an buɗe tukunya. Ta ja baya har ruwan tiyon ya sauka a kafaɗarta. Gefen hijabinta ya tsallake iyakar.

Aka kama shi.

Aka fara ja, sannu sannu, kamar mai naɗe yadi.

Ta zare hijabin ta sake shi. Bai faɗi ba. Ya tsaya a iska, wasu hannaye da ba ta gani suna matse shi, ruwa baƙi na ɗiga.

"Rufaida."

Kawu Ya'u ne a bakin ƙofa, hannun rigarsa a naɗe, bai ƙarasa alwala ba. Da kyar muryarsa ke fita.

"Kada ki taka waje. Jira ni."

Ya ɓace. Ta ji gudunsa, ta ji ƙarfe na kuka. Injin ya yi ruri, tiyon ya miƙe, ruwa ya kwararo har ya kusa kayar da ita. Da'irar ta buɗe. Taku huɗu. Bakwai. Goma. Ƙafafun nan suka ja baya, suna turjewa, numfashin ya koma gurnani. Iyakar ta tsaya saura taku uku a kai ƙofa.

"Yanzu," in ji Kawu, ya dawo bakin ƙofa.

Ta ruga. Ta tsallake bakin ruwan. Ɗaya. Biyu. Wani abu mai zafin garwashi ya damƙe mata ƙauri. Kawu ya cafke hannunta ya fizgo ta, ya banko ƙofa ya danna sakata. A ciki aka shiga buga daɓen, tim, tim, tim, yadda ake bugun yadi.

Kwana shida ta yi tana zazzaɓi. A ƙaurinta ƙuna ta fito, shatin yatsu huɗu dogaye. Aka ɗage mata ranar gabatarwa, daga baya ta yi da zane a allo. Kyamarar tana can, ba wanda ya koma ɗaukowa.

Malam Ya'u ya ajiye gadi a makon. Ranar da zai koma ƙauyensu a Jigawa ya biyo gidan su Rufaida yi musu sallama, amma ya ƙi wuce zaure. Rufaida ta fito tana ɗingishi. Ta lura ba fuskarta yake kallo ba, bayan kafaɗarta ta hagu yake kallo.

"Kawu, ku shigo mana ku sha ruwa."

Ya girgiza kai. Ya daɗe yana murza hularsa a hannu kafin ya yi magana.

"Da na leƙo ranar nan, ku biyu na gani a cikin da'irar. Wata mace na tsaye a bayanki."

"Ina ta yi?" in ji Rufaida.

"Tare kuka fito," in ji shi.