Ruwan da Ya Ƙi Kwanciya

Ranar da ya fara shigowa ɗakin gwaji, tana sunkuye a kan tankin gilashi, tana ɗiga shuɗiyar tawada a ruwan da ke juyawa. Injin da ke juya teburin da tankin ke kai aka aiko shi ya duba, amma sai ya tsaya da sifana a hannu kamar an dasa shi.

"Malam mai gyara, injin yana ƙasa," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

"Na gani. Wannan fa, rini ake yi?"

Dariya ta kufce mata. Ta gaya masa cewa can ƙarƙashin ƙasa, a tsakiyar duniyar nan, narkakken ƙarfe ne ke yawo, cikin taurari kuma iska mai zafi, kuma duk juyawa suke. Tankin kwaikwayonsu ne. Sai ruwan ya yi awa uku yana juyi har ya natsu, sannan a ɗiga tawada. In komai daidai ne, za ta miƙe tsaye kamar labule, daga nan ne ake auna yadda hargitsi ke farawa. Binciken digirinta na uku kenan.

Tun daga ranar injin ya zama mai yawan laulayi. Kullum sai an zo duba shi. Da ya lura tana ƙanƙance ido wajen kallon ruwa, ya ɗaura mata fitila mai ƙarfi a gefen tankin, ba tare da ta roƙa ba. Abin ya yi mata daɗi har cikin rai.

Da labarin soyayyarsu ya isa gida, Abbanta, tsohon malamin makaranta, bai ji daɗi ba. Shi ɗan amininsa likita yake wa sha'awarta.

"Karatu na tura ki. Kawo min digiri ƙarshen zangon nan, sai mu yi maganar mai sifanar taki. In kin kasa, na san abin da ya ɗauke miki hankali."

Sai ruwa ya ƙi kwanciya. Wata uku cur, da ta ɗiga tawada sai ta tarwatse, ta yi ta murɗewa. Ta sake ruwa, ta daidaita ƙafafun tebur, ta hana kowa taka ƙasa da ƙarfi. A banza. Ta rame, ta koma zaman tagumi a gaban tanki.

Saƙon mai gyaran ya shigo: "Tauraruwata, yau fa?"

"Ya sake dagulewa. Saura sati biyu. Na rasa inda zan sa kaina."

"Wallahi sau uku na kwance injin nan, lafiyarsa ƙalau. Da ruwa yana riƙuwa, da na riƙe miki shi da hannuna."

Ana saura kwana huɗu Farfesan da ke duba aikinta ya leƙo. Ya dafa gilashin ta nan, ya zagaya ya dafa ta can.

"Wa ya sa fitilar nan? Ruwan gefen da take haskawa ya yi ɗumi. Ana ɗumama ruwa ta gefe guda, ta ina zai kwanta? Haba, 'yata!"

Karatun shekarar farko ne, ta sani sarai. Ta zargi komai a ɗakin, ban da kyautar masoyinta. Lokaci kuwa ya ƙure, sai dai ta ƙara shekara. Da ta waiga, masoyin nata yana bakin ƙofa, ya ji komai. Ya juya ya tafi.

Kwana biyu ba saƙo, ba kira. Ta kira har ta gaji. Rana ta uku da la'asar ta dawo gida, ta tarar da takalmansa a ƙofar falo. Ta jingina da bango, ta kasa kunne.

"Abba, ba wasa ta yi ba," ta ji yana cewa. "Ni na ɓata mata aiki da karambanina. Don Allah a bar ta ta ƙara shekarar. Ni zan janye."

Can Abba ya ƙwala mata kira, ashe ya ga inuwarta. Ta shiga ta durƙusa.

"Kin san da fitilar nan?"

"Kullum ina kallonta, Abba. Ban taɓa kawo ta a raina ba." Hawaye ya ƙwace mata.

Abba ya cire tabarau ya murza ido.

"Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa ganin wanda ya kawo ƙarar kansa ba. Shekarar nan ta tafi, ba mai dawo mana da ita. Ba zan haɗa miki rashi biyu ba." Ya dubi saurayin. "Kai kuma janye ina? Ka ɓata, sai ka tsaya a gyara da kai. Ka turo manyanka ranar Asabar. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya."

Ita dai ta sunkuyar da kai tana share hawaye. Daga bayan ƙofar kicin Umma ta ce "Amin" da ƙarfi, har sau uku.