Giga Uku da Rabi

Bari in fara da laifina: ni na ɗora wa injin ajiyar bayanan kwamfuta na yayana Douwe tsohuwar manhaja shekara tara da suka wuce, kuma da rigima ta tashi a kanta, kofina kawai na ci gaba da sha.

Injin yana ƙarƙashin matakalar bene a gidansa da ke garin Leeuwarden, kuma duk bidiyon marigayiya matarsa a ciki suke. 'Yarsa Wietske ta shiga wani shago ta sayo wa injin ƙarin memori, kyautar ranar haihuwar uban. Wani saurayi, Jurre, ne mai shagon. Ya miƙo mata memori mai giga goma sha shida, sai ya manta bai saki kwalin ba.

"Mai shago, har da hannun ake sayarwa?"

"Shi kyauta ne, in kina so."

Wata uku bayan nan, da ranar haihuwar ta zo, ta kai su gida tare, da kyautar da mai shagon. Douwe ya ba kowa kofi da biskit ɗaya, ya rufe gwangwani, ya saka memorin ya kunna. Allo ya nuna giga uku da rabi.

"Ina sauran?" in ji shi.

"Baba, ai..." Jurre ya fara.

"Ban haife ka ba."

Hidde, ɗan maƙwabta da Douwe ya daɗe yana kwaɗayi wa 'yarsa, ya leƙa allon ya girgiza kai. "Jabu ne. Haka suke yi wa mata in sun zo su kaɗai."

Kwana huɗu Wietske ba ta ɗaga wayar Jurre ba. A na biyar ta rubuta:

"Mai shago, faɗa min gaskiya, cutata ka yi? Baba ya ce ba zai taka wurin bikina da maha'inci ba. Shi kaɗai ya rage min."

Amsa ta zo nan take:

"Zumata, memorin lafiyarsa lau. Manhajar da ke tuƙa injin ce tsohuwa, mai bit talatin da biyu, ba ta iya ganin ko giga huɗu cikakku. Sai an sauya ta. Ki roƙa min Lahadi ɗaya."

Ranar Lahadi Douwe ya tsaya a kan Jurre, hannu a harɗe. "Muryar matata tana cikin nan. In ko daƙiƙa ɗaya ta ɓace, ka manta hanyar gidan nan."

Jurre ya durƙusa ƙarƙashin matakalar. Ya fara zare fayafayan ajiya huɗu, ya rubuta wa kowanne lamba, ya jera su a tebur. Ya ɗora sabuwar manhaja, ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Allo ya nuna goma sha shida cif.

Wietske ta buɗe wurin bidiyon. Fayau, ba komai.

Hidde ya yi gyaran murya. Douwe ya laluba kujera ya zauna. Jurre ya ji yatsun Wietske sun damƙe kafaɗarsa, bai san ko riƙe shi take yi ko sallama ba.

"Sabuwar ba ta san fayafayan ba tukuna," in ji Jurre. "Sai an gabatar da su."

Ya buga layi ɗaya, ya yi kuskure, ya goge, ya sake. Sai ga dariyar marigayiya ta cika falon, tana cewa, "Douwe, ka riƙe kyamarar daidai mana."

Da bidiyon ya ƙare, Douwe ya tashi ya buɗe gwangwanin biskit karo na biyu, abin da ko ni bai taɓa yi wa ba. Ya miƙa wa Jurre.

"Ɗauki biyu, ɗana. Wane shashasha ne ma ya saka tsohuwar?"

Na duƙufa kallon taga.

An ɗaura auren a zauren gari cikin watan Mayu. Douwe ya kawo Wietske da hannunsa, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya irin wanda ya samu da uwarta, muka ce amin.

Jiya na duba injin. Tun ranar da aka gyara shi bai taɓa amfani da sama da giga biyu na memorin ba.