Kwatar Bayan Gida

"Ki taimake ni, 'yata. Ƙafar Dogo za su yanke."

Auta ta tsaya cak a ƙofar ɗakin bincike, riƙe da kwalbar ruwan kwata. Hajiya ce, mahaifiyar Dogo. Ita ce bara ta wargaza maganar aurensu, bayan 'yar ƙanwarta ta nuna mata hoton Auta durƙushe a bakin lambatu. Ta ce ɗanta ba zai ci girkin mai wasa da ƙazanta ba.

"Wane magani aka ba shi, Hajiya?"

"Wanne ne ba a ba shi ba? Tun da ƙarfe ya yanke shi a wurin aiki ciwon ke ruɓa. Likita ya ce cutar ta daina jin magani... sai dai ku."

Aikin Auta ke nan, farautar bairos, wasu ƙananan halittu masu cinye ƙwayoyin cuta. A ƙazamin ruwa suke zama, kuma kowanne da irin ƙwayar da yake ci.

Ta bi kwatar mahauta, ta bi ta kasuwa. Ta tace ruwan, ta ɗiga a farantan da ta shuka cutar Dogo. Kullum da safe ta ɗaga su a haske, kullum cutar na nan ta lulluɓe su. Da rana takan ratsa ta gaban ɗakinsa a asibiti, ta rage sauri. Ya rame har agogonsa na yawo a hannu. Ba ta taɓa shiga ba.

Ana jibi tiyata, faranti guda ya fito da ɗigo-ɗigo garau inda aka cinye cutar. Ta zauna a ƙasa ta yi kukanta.

Likita ya ɗage aikin. Aka tsabtace bairos ɗin, aka riƙa wanke ciwon da shi, har sabon nama ya fara tsirowa. Sai a lokacin Auta ta tura ƙofar ɗakinsa.

"Autata..." muryarsa a dushe. "Kullum ina ganin wucewarki. Me ya hana ki shigowa?"

"Ban san ko ana so na a ciki ba."

"Wai wace kwata ce ta ceci ƙafata?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ta bayan gidanku. Inda ake zubar da ruwan wankin ciwonka kafin a kwantar da kai."

Ya yi dariya har da tari. Hajiya ta rufe fuska da mayafi, sannan ta tashi daga kujerar gefen gadon.

"Zauna nan. Zan je wajen kawunsa kan maganar auren. Da bakina na ɓata, da shi zan gyara."

Auta ta ɗosana a bakin kujerar, ta rasa inda za ta ajiye idonta.