Yoyon Tirelar Mama

Na tako kusa da gado ke nan, rungume da zannuwa, sai na ji daɓen ya lotsa kamar na taka jiƙaƙƙen burodi. Kafin in janye ƙafa, ta burma har idon sawu.

Wari ya taso daga ramin, warin katakon da ya daɗe yana shan ruwa.

"Darla?" Muryar Baba ce daga waje. "Me ya faɗi?"

"Ba komai, Baba..."

Amma ya riga ya shigo. Ya dubi ƙafata, ya dubi ramin, sannan ya danna bangon da ke ƙarƙashin taga da yatsa. Yatsan ya nutse.

Saura kwana goma sha tara a ɗaura aurena da Wendell, kuma wannan tirelar ce gidan da za mu tare. Irin wadda ake ɗaura wa mota a baya ce, mai gado ɗaya da ɗan kicin. Ta Mama ce. A cikinta muka yi kowane hutun bazara har shekarar da ta rasu. Daga nan ta shekara shida a rumfar bayan gida, Baba bai bari kowa ya taɓa ta ba, sai ranar da ya miƙa wa Wendell makullin da hannunsa.

Wendell ya kwashe watan Agusta a kan rufinta yana kankare tsohon gam yana sa sabo. Da ya gama muka fito da ita fili. Sai ruwan Oktoba ya sauko, irin namu na gaɓar tekun jihar Oregon da ke zuwa a karkace, ya yi mako uku bai ɗauke ba.

Baba waya ya ciro, ya kira Curtis.

Curtis ne mai garejin gyaran tireloli a bakin titi. Tun muna sakandare yake bina, sau biyu ina ce masa a'a. Ya iso kafin kofi ya huce. Ya hau tsani, ya leƙa rufin kamar mai leƙa tukunyar maƙwabta, ya sauko. Da ya zagayo ta wajen tagar gado, sai ya bi ƙasan ƙarfenta da babban yatsa. Ya tsaya. Ya dube ni, ya yi wani murmushi.

"Rufi ne, Mista Pruitt," in ji shi. "Aikin 'yan koyo. Mai yanka katako daban, mai gyara daban."

Ana haka Wendell ya iso daga injin katako, garin zarto har cikin girarsa.

"Zumata, lafiya? Kin ji ciwo?"

Na girgiza kai.

Ya durƙusa, ya soka sukundireba a daɓen, ya soka a bango. Ya fita, ya tsaya a gaban tagar nan ya daɗe, ruwa na dukan ƙeyarsa. Da ya dawo, fuskarsa ta sauya.

"Laifina ne, Mista Pruitt."

"Wendell, ko rufin ba ka duba ba..."

"Laifina ne, Darla."

Baba ya cire hularsa, ya mayar. Haka yake yi idan ransa ya kai maƙura.

"Shekara talatin ina kamun ƙaguwa a teku," ya ce a hankali. "Ban taɓa ɗaukar mutumin da zai ce mini ya toshe jirgi alhali bai toshe ba. Abin da uwarta ta bari na ba ka. Wata biyu ka ruɓar da shi. Ita kuma wata nawa za ta yi a hannunka?"

"Baba, don Allah..."

"Ke babba ce, ba zan ɗaure ki ba. Amma ba da hannuna za ki shiga coci ba." Ya juya ga Wendell. "Ka gyara abin da ka ɓata, ka ajiye makulli, ka kama gabanka."

A bakin motarsa na tare Wendell.

"Mu je kotu a ɗaura mana, mu biyu kawai. Gobe ma."

"A'a, masoyiyata."

"Ba ka so na ke nan?"

"Kin san amsar wannan." Ya share mini ruwa daga goshi. "Ke kaɗai kika rage wa babanki. In na ɗauke ki a bayan idonsa, wata rana za ki dube ni ki tuna. Ba zan iya ba."

"To me zan yi? In zauna ina kallo?"

Ya tada mota.

Kullum ya tashi daga aiki sai ya zo. Ya kwance gadon, ya fitar da shi. Ya ɓamɓare falankin bango, ya zaro audugar tare sanyi da ke ciki, baƙa ƙirin, tana ɗiga. Ya bi ruɓaɓɓen katako da zarto yana yankewa har ya kai inda yake fari mai ƙarfi. Ya kunna fanka biyu, suka yi kwana uku suna hura ciki.

Baba ba ya gaishe shi. Curtis kuwa kusan kullum yana gidanmu, yau kifi mai hayaƙi, gobe kek ɗin mahaifiyarsa.

"Kyakkyawa, har yanzu kina jiran kafintanki?" ya ce da ni wata rana a bakin ƙofa. "Ni gidana ba shi da taya, ba ya kuma yoyo. Ki zo ki ga kicin ɗin."

"Na gode, Curtis."

"Na faɗa wa babanki, a bar ni in ja akwalar nan zuwa gareji, kowa ya huta."

Na rufe ƙofa. Na zauna a bayanta, na yi kukan da ba na so Baba ya ji.

Ni ba mai yawan magana ba ce, amma ina kallo. Kowace rana nakan kai wa Wendell kofi, in tsaya ina duban bangon da ya buɗe. Wani abu ya riƙa damuna. Saman taga katakon fes yake, busasshe. Baƙin ya fara ne daga ƙasan taga ya gangara.

"In daga rufi ruwan yake, me ya sa sama bai jiƙe ba?"

"Ruwa yana da hanyoyinsa."

"Wendell."

"Miƙo mini guduma, zumata."

Ranar Asabar, saura kwana tara, na fito da sassafe na same shi a waje, ya sunkuya gaban tagar gado da guntun waya a hannu. Yana zaƙulo wani farin abu daga ƙananan tsagu biyu da ke ƙasan ƙarfen tagar.

"Kai, me kake yi? Ni fa na toshe su."

Hannunsa ya tsaya. Bai juyo ba.

"Na sani."

"Ranar da ka gama rufi na gan su a buɗe. Na ɗauka mantawa ka yi, ka gaji. Ban so Baba ya gani ya ce aikinka bai cika ba, shi ya sa na ɗauki ragowar gam na bi duk tagogin..."

Ya juyo ya dube ni.

"Ba mantuwa ba ce, Darla. Haka ake ƙera su. Ruwan da ya bugi gilashi yana taruwa a kwararon ƙarfen, ta nan yake fita. In an toshe..."

"Sai ya shiga bango."

Ya gyaɗa kai.

Kofin ya suɓuce daga hannuna. Ni ce. Tirelar Mama, ni na ruɓar da ita. Kwana goma yana haɗiye wulaƙanci a gidanmu, ni kuma ina kai masa kofi ina tausayinsa.

"Tun ranar farko ka sani?"

"Farin gam ne, na rufi. Ni toka-toka na yi aiki da shi a tagogi."

"Shi ne ka bari aurenmu ya rushe?"

"Na ɗauka in na gyara da kyau zai huce. Ki bar shi a haka, don Allah. Ni zai iya tsanata ya ci gaba da rayuwa. Ke fa?"

"Ka taɓa tagar kicin?"

"Ban kai can ba tukuna. Darla... Darla, tsaya!"

Na same su a teburin cin abinci, Baba da Curtis, suna karyawa.

"Baba, ba rufi ba ne. Ni ce. Ni na toshe ramukan taga."

Baba bai ko ajiye cokali ba.

"Shi ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni."

"So ke nan," in ji Curtis yana dariya. "Gobe za ta ce ita ta kawo hadarin."

"Baba, ban taɓa roƙonka komai ba tun da Mama ta rasu. Minti goma nake roƙo. Ka shiga tirelar ka tsaya a kicin. In ban nuna maka ba, ni da kaina zan mayar masa da zobensa."

Ya ajiye cokalin, ya miƙe.

An ɗan ɗauke ruwa a safiyar. Na jawo tiyo daga famfon bayan gida. Tagar kicin tana ɓangaren rumfa, iska ba ta kai mata ruwa sosai, shi ya sa bangonta ya tsira.

"Kawo in taya ki," Curtis ya miƙo hannu. "Daga rufi za a fara."

"Daga rufi?" Baba ya leƙo ta ƙofa. "Ruwan ya gangaro ya jiƙa komai, a rasa ta inda ya shiga? Ko a jirgi daga ƙasa ake farawa a yi sama. Kai da kake da gareji ba ka san wannan ba?"

Curtis ya mayar da hannunsa aljihu.

Na saita tiyon a kan gilashin kaɗai. Minti ɗaya. Minti biyu. Ba motsi daga ciki. Na fara addu'a a zuci, ban ma san me nake roƙo ba, ruwan ya shiga ko kada ya shiga.

Sai na ji muryar Baba.

"Tsaya."

Na shiga. Kwararon tagar ya cika taf, ruwa na tsiyaya ta bayan falanki, yana fitowa a gindin kabad kusa da takalminsa.

"Kira shi," ya ce.

Wendell ya zo da guntun wayarsa, ya zaƙule gam ɗin. Ruwan da ya taru ya tsarto waje ta tsagun biyu. Sannan Baba da kansa, da gwiwarsa mai ciwo, ya hau tsani ya sakar wa rufin ruwa na rubu'in awa. Ya sauko, ya bi silin da tafin hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan.

A bushe.

"Curtis," na ce, "ranar farko ka shafa ƙasan tagar nan da yatsa. Ka gani."

"Ni ban... kowa yana iya kuskure, kyakkyawa."

"Sunanta Darla," in ji Baba. "Ka ɗauki kwanon kek ɗinka a kicin in za ka wuce."

Da ƙarar motar Curtis ta yi nisa, muka rage mu uku a cikin tirelar da ba ta da rabin daɓe.

"Ka yi mini ƙarya a cikin gidana," Baba ya ce da Wendell.

"Na yi, Mista Pruitt."

"Don me?"

"Ta mahaifiyarta ce. Ban so ta ɗauki wannan nauyin ba."

"Da na kore ka har abada fa?"

"Da na tafi. Amma da na gama daɓen tukuna."

Na kasa riƙe kaina.

"Baba, ka yafe mini. Na lalata mata..."

Ya jawo ni jikinsa, abin da rabonsa da yi tun ranar jana'iza. Rigarsa a jiƙe take.

"Katako ne, 'yata. Ana sauya katako." Ya sake ni, ya goge hanci da bayan hannu, ya durƙusa a bakin ramin da ƙyar. "Kai, miƙo mini tef ɗin awo. Kai kaɗai ba za ka gama wannan a kwana tara ba. Ke kuma, daga yau ba ke ba gam."

Wendell ya yi dariya, idonsa jawur.

Sun gama ana jibi biki.

Ranar bikin, Baba ya riƙe hannuna tun daga ƙofar coci, yana takawa a hankali saboda gwiwa. Wendell na tsaye a gaba, kwat ɗin ta ɗan matse masa kafaɗa. Fasto ya dube mu, ya yi tambayar da ake yi.

"Wa ya ba da wannan mace aure?"

Baba ya dube ni. Sannan ya ɗauki hannuna ya sa a cikin na Wendell, ya haɗa su ya danne.

"Ni da mahaifiyarta," in ji shi.